Sunan Yaya a Ƙasan Faci (Shafi na 23)

Kun gani, kun kawar da kai.

Kada wani ya ce min bai gani ba, wayata tana nuna min komai. Mutum dubu biyu da ɗoriya ne suka buɗe shafin da ya wuce, inda aka yi wa Auta wankin babban bargo a bainar jama'a. Mutum tara ne suka tanka. Shida daga ciki "ci gaba" kawai suka rubuta, ɗaya kuma tallan takalmi ya manna min. Abin da kuka yi shi ne sak abin da mutanen zauren suka yi mata. Kowa ya karanta, kowa ya ce a ransa "kai, wannan ya yi yawa," kowa ya rufe ya ci gaba da sabgarsa. To yau ku zauna ku ga abin da irin wannan shirun yake haifarwa.

Ga wanda yau ya shigo: Auta da yayanta suna aiki a wani ƙaramin kamfani da ke harhaɗa akwatunan adana sakamako na ɗakunan gwajin jini. Akwatunan suna tafiya ne a kan kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya na'ura, wadda dubban mutane a faɗin duniya suke haɗuwa su rubuta, kowa kuma ya ɗauka kyauta. Duk mai gyara sai ya aika shi zauren wasiƙu inda kowa ke karantawa. Faci suke kiran gyaran. Ɓangaren katin ajiya yana hannun mutum ɗaya, Mai Ƙofa, ba abin da ke shiga sai da yardarsa. Al'adarsu kuma, wanda ya ɗora faci a kan na'ura ya tabbatar yana aiki, sai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Na gwada," da sunansa. A wurinsu wannan layin rantsuwa ne.

Facin Auta na farko, Mai Ƙofa ya yaga shi a gaban kowa. Na biyu ya tafi da sunan Yaya a ƙasa, aka karɓa ba ko tari. Ranar Lahadi za a saki sabon kanel da facinta a ciki.

Yau Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Auta tana teburin gwaji, ta haɗa akwati ɗaya da sabon kanel yana ta zuba fayiloli a kati, kwatsam fitilar akwatin ta mutu.

"Baba, me ka zare?"

Baba Soda, dattijon da ke liƙa musu wayoyi tun ranar da aka buɗe kamfanin, ko ɗagowa bai yi ba.

"Soket mana. Ƙarfen liƙina ya huce, zan jona shi. Ko ke ce mai kamfanin wuta?"

"Ai da ka tambaya."

"Shekara tara ina zarewa, akwati bai taɓa kai ƙarata ba. Mayar ki kunna, 'yar boko."

Ta mayar. Akwatin ya tashi. Ta buɗe katin.

Wayam.

Fayil ɗari huɗu da ta zuba da safen nan, har da tsofaffin da ke ciki tun makon jiya, babu ko ɗaya.

Ta ce a ranta katin ne ya tsufa. Ta sa sabo fil. Ta kunna, ta bari rubutu ya kankama, ta zare da hannunta. Lafiya. Ta sake. Lafiya. A karo na bakwai katin ya sake zama wayam.

Ta cire facinta shi kaɗai, ta bar sauran kanel ɗin yadda yake. Ta zare sau goma. Sau ashirin. Sau talatin. Ko fayil ɗaya bai girgiza ba.

Ta mayar da facin. Karo na huɗu, wayam.

"Ke," in ji Baba Soda, yanzu kam ya ɗago. "Fuskarki kamar wadda ta haɗiye ƙusa. Lafiya?"

"Baba, kada ka taɓa komai a teburin nan."

"To, ranki ya daɗe. In yi numfashi ko shi ma in jira izini?"

Ba ta ji shi ba. Ba akwatunansu kaɗai take gani ba. Duk na'urar da ke da irin wannan katin a duniya, wadda za ta ɗauki kanel ɗin Lahadi, ita take gani. Wuta ta ɗauke a wani wuri, wani ya kunna, ya tarar da aikin wata guda ya tafi. Su bi sawu, su iso kan faci ɗaya, da sunanta a sama.

Ta tashi ta nufi ofishin Yaya.

Yana zaune da kofin shayi, yana murmushi shi kaɗai. Kwana biyar ke nan yana wannan murmushin, tun da Mai Ƙofa ya faɗa a zaure cewa bayan Lahadi zai naɗa shi mataimakinsa. Shekara goma sha biyu yana aika faci kafin ya kai nan. Don wannan sunan ma kamfanin ya ɗauke shi aiki.

"Autar Umma! Shigo. Kin zo gaida mataimaki ne?"

Ta rufe ƙofar.

"Yaya, ina son bayanan gwajin da ka yi."

"Wane gwaji?"

"Na facina."

"Ai ya wuce. An karɓa. Me za ki yi da su kuma?"

"Sau nawa ka zare wuta yana cikin rubutu?"

Ya kurɓi shayi. Ya daɗe da kofin a bakinsa fiye da yadda kurɓa ɗaya ke buƙata.

"Ban riƙe ba. Me ya faru?"

"Yana share kati. Gaba ɗaya. Na gani da idona sau uku yanzu."

Murmushin ya zame daga fuskarsa.

"Katinki ne."

"Na canza."

"To akwatin ne."

"Na cire facin, na zare sau talatin, lafiya lau. Yaya, watakila allon na'urar da aka ba ka don gwaji daban ne da nawa, shi ya sa bai nuna maka ba. Ba ni shi in gwada a kai. In har a naka ba ya yi, to da sauƙi, sai mu ce wasu alluna ne kawai."

Har ga Allah da zuciya ɗaya ta faɗa. Fata take ya miƙo mata allon.

"Yana gida," in ji shi.

"Ba ka taɓa kai allo gida ba. Anti ta hana tun da yara suka ɓalla wancan."

"Auta."

Ta zagaya teburin. Ya kai hannu zai dafe durowar, ta riga shi.

Allon yana nan kwance. A cikin ledarsa mai ƙyalli. Jan tef ɗin da masu kawo kaya suke liƙawa a baki yana nan yadda ya zo, ba a ko ɓantare gefensa ba.

Ta ɗago ledar da yatsu biyu. Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba.

"Ba ka gwada ba."

"Na karanta shi. Sau uku na karanta, layi bayan layi."

"Ba 'na karanta' ka rubuta ba. 'Na gwada' ka rubuta."

"Rage murya."

"Kai ka koya min! Ranar da na fara aiki ka ce min, Auta, ki yi ƙarya a kan shekarunki in kin ga dama, amma kada ki taɓa yin ƙarya a wannan layin!"

"Na ce ki rage murya, Baba yana jin mu."

Ya taso ya durƙusa a gabanta. Tun suna yara ba ta taɓa ganin Yaya ya durƙusa mata ba, wannan ya fi katin tsorata ta.

"Kin manta yadda kika koma bayan wasiƙar Mai Ƙofa? Kwana uku ba ki sa komai a cikinki ba. Umma ta kira ni tana kuka, wai wane ne wannan mutumin da ya taɓa mata 'ya, ita za ta je gidansa. Na ce Umma ko ƙasar da yake ban sani ba. Na ga takardar barin aiki a buɗe a kwamfutarki, kada ki musa. Mutum dubu huɗu a zauren nan, ba wanda ya ce masa ya isa haka. Ni ma ban ce ba. Ni, yayanki. Tsoro na ji, ana gab da naɗa ni. Sai na ce to abin da zan iya ke nan. Na san in ya ga sunana a ƙasa ba zai sake dubawa ba."

"Kuma bai duba ba."

"Bai duba ba."

Daga waje ana jin Baba Soda yana fito.

"Amma na gyara duk abin da ya ce," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Haka na rubuta a saman na biyun. Na ce an gyara duk abin da aka nuna. Ta ina wannan ya ɓullo?"

"Kin karanta wasiƙar tasa har ƙarshe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na tsaya a inda ya ce ko akuya ta taka madannai za ta fi ni. Idona ya rufe. Kai ka ce in bari, za ka tsamo min gyararrakin. Ka ba ni guda huɗu."

Yaya ya miƙe a hankali ya koma kan kwamfutarsa. Ya nemo wasiƙar. Ita ma ta taso ta tsaya a bayansa.

Sama, gyara biyu. Ƙasa, gyara biyu. Tsakiya, dogon sakin layi na cin mutunci zalla: makarantar da ta yaye ta, lokacinsa da ta ɓata, akuyar.

"Tsaya," in ji ta. "Koma sama kaɗan."

A tsakiyar zagin, tsakanin akuya da makaranta, ga jimla biyu a kwance:

"Kuma kin sanar da cewa rubutu ya kammala tun kafin katin ya amsa. A zare wuta a wannan tsakanin a ga abin da zai rage."

Yaya ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi."

"Ba ka gani ba?"

"Shekara goma sha biyu, Auta. Na koyi yadda ake karanta shi. Ka duba sama, ka tsallake tsakiya, ka duba ƙasa. Duk wanda ya daɗe a zauren haka yake yi, in ba haka ba hawan jini ya kama ka. Ban taɓa zaton zai binne magana a cikin shara ba."

Ku tsaya nan ku ji ni. Mutumin nan gaskiya ya faɗa. Ya fi su duka gani, ya hango ramin tun ranar farko. Amma ya naɗe gaskiyar a cikin abin da ba mai iya haɗiyewa, har mutanensa suka koyi tofar da ita tare da zagin. Sannan shi da kansa ya ga suna ya buɗe ƙofa bai duba ba. Wanda duk yake cewa "ai haka manya suke, a yi haƙuri da su, sun iya aiki," ga aikin nan ya gani.

"To yanzu ji," in ji Yaya. Ya goge fuska, muryarsa ta koma irin ta taro. "Ba wanda ya sani sai ni da ke. A bari Lahadi ta wuce. Bayan sati biyu ki aika ƙaramin faci, ki ce tsaftacewa ce. Ya shige cikin ɗaruruwa, ba mai lura."

"A cikin sati biyun fa?"

"Ba kowa ke ɗaukar sabo nan take ba."

"Wasu suna ɗauka."

"Sai an zare wuta a daidai lokacin."

"Baba ya zare don ƙarfensa ya huce, Yaya. Ko minti arba'in ban yi da kunnawa ba."

"To aika masa shi kaɗai. A ɓoye."

"Ka fi ni sanin ba ya karɓar wasiƙar ɓoye. Duk abin da aka aika masa shi kaɗai, zaure yake mayar da shi, har da ƙarin zagi don an yi masa raɗa."

Ya san haka ne.

"Kin san abin da zai same ni? Ba naɗin kaɗai ba. Duk wani 'na gwada' da na taɓa rubutawa za su tono. Fiye da ɗari biyu. Wallahi duk na gwada su, wannan ne kaɗai, amma wa zai yarda? Zauren nan ba ya goge komai. Jikokina za su iya nemo wasiƙar. Oga kuma sunana ya ɗauka aiki, ba ni ba."

"Ba zan ambace ka ba."

"Sunana yana ƙasan facin!"

"Zan ce laifina ne ni kaɗai. Kuma nawa ne. Ni ce ban karanta ba."

Ta jawo kujera ta zauna a kwamfutarsa, ta shiga da nata sunan. Kalmar farko sau huɗu tana gogewa. Tana hango amsar tun kafin ta zo, tana hango mutum dubu huɗu suna buɗewa da safiyarsu, suna karanta sabon sunan dabbar da za a raɗa mata.

Ta rubuta:

"A cire facina kafin Lahadi. Yana share kati idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu. Ka nuna min wannan a wasiƙarka ta farko, ban karanta har wurin ba, kuma na ce na gyara komai alhali ban gyara ba. Ga matakan da za a bi a gani. Ga facin cirewa."

"Auta, don Allah. Don darajar Umma."

Ta rufe ido ta danna.

Yaya ya koma jikin taga ya juya mata baya. Minti biyu. Minti biyar. Ta sabunta akwatin wasiƙa har yatsanta ya gaji.

Ƙofa ta buɗe, Baba Soda ya leƙo.

"Wai mutuwa aka yi ne ba a gaya min ba? In zare soket ɗin ko har yanzu yana hannun hukuma?"

"Zare, Baba," in ji Yaya, bai juyo ba. "Zare duka."

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Wasan ya bar fuskarsa. Ya ja ƙofar a hankali.

Minti goma sha ɗaya, kwamfutar ta yi ƙara.

Mai Ƙofa. Zuwa ga zaure gaba ɗaya.

"Karanta," in ji Yaya. "Ni ba zan iya ba."

Ta buɗe. Ta nemi dogon sakin layin ba ta gani ba. Wasiƙar gajeriya ce, ba ta taɓa ganin ya rubuta gajeriya irinta ba.

"Na cire. Na bi matakanki, na gani a nan ma. Haka ake kawo rahoto."

Har hawaye ya taru.

"Shi ke nan?" Yaya ya juyo da sauri. "Shi ke nan abin da ya ce?"

Ta gangara ƙasa kaɗan.

"Akwai saura."

"Karanta mana!"

"Ya ce... 'Amma ba don sunanki na karɓi facin nan ba. Akwai suna na biyu a ƙasa. A karo na uku da na zare wuta ya share min kati. Kai da ka ce ka gwada, gaya wa zaure: a kan wane allo, sau nawa, kuma ina bayanan? Ina jira.'"

Babu zagi ko ɗaya. Da ma ya yi zagin.

Yaya ya tako a hankali. Ya ɗauki ledar allon daga ƙasa, ya juya ta, ya karanta lambar da ke jiki. Sai ya sa farce ya tsinke jan tef ɗin.

"Me kake yi?"

"Tashi min daga kujera."

"Yaya, me kake yi?"

Ya zauna. Ya shiga da nasa sunan, ya danna amsa. Tana kallo ya kwafi lambar allon harafi bayan harafi. A ƙasa ya rubuta: sau ashirin, bai nuna ba, bayanan sun goge. Sannan ya ƙara layi ɗaya: "Mai facin tana wurin lokacin da na gwada."

"Goge wannan."

"Zai tambaye ki. Na san shi, ke zai juyo wa. Yanzu ya yarda da ke."

"Ka goge, Yaya!"

Ya ɗago ya dube ta. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Hannunsa yana kan madannin aikawa.

"Ni na tsaya miki ranar da kowa ya gudu. Kalma biyu nake roƙo, Auta. In ya tambaye ki, ki ce kina nan."

Ya danna.

Kai mai karatu, kada ka tsaya jinjina wa Yaya kai kamar ka fi shi. Akwai takardar da ka sa wa hannu ba ka duba ba. Akwai aikin da ka ce "na gani, ya yi" don kana son mai shi, ko don kana tsoron na sama. Ka san wanne nake nufi, yanzu haka ya faɗo maka a rai. Ajiye wayar nan, ka je ka buɗe shi ka duba yau, in ka tarar da ɓarna ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka.